Yaran Gobir da Karatu Ke Yi Wa Wuya, da Iyayen da Ba Su San Juna Ba

A watan Maris na 2024 ma'aikatar lafiya ta Jihar Sakkwato ta sanar da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, cewa wata cuta ta ɓulla a ƙaramar hukumar Isa. Yara ne ciki ke kumbura musu, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. Zuwa watan Afrilu hukumar ta ƙirga mutum 164 a mazaɓu shida, wato Bargaja da Tozai da Tsabre da Turba da Isa ta Arewa da Isa ta Kudu. Yawancinsu 'yan shekara 4 zuwa 13 ne, huɗu kuma sun rasu. Gwajin farko ya nuna akwai dalma a jinin wasu daga cikinsu. Jaridu suka yi 'yan kwanaki suna maganar, sai wani labarin ya danne ta, a yankin da kusan kowane mako ke zuwa da nasa zaman makokin.

Ni waɗanda suka tashi ne suka tsaya mini a rai. Tun annobar gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, likitocinmu suka san cewa yaron da ya tsira da ransa ba lallai ne ya tsira da ƙwaƙwalwarsa ba. Dalma tana rage kaifin fahimta, tana kawo mantuwa da rashin natsuwa, kuma ɓarnar ba ta fitowa fili sai bayan shekaru, ran da aka zaunar da yaro gaban allo. Haka sanƙarau yake. Wanda ya ɓarke daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya kama mutum fiye da 14,000, ya kashe fiye da 1,100, kuma Zamfara da Sakkwato da Katsina ne suka fi jin jiki. Cikin waɗanda suka warke akwai waɗanda ya tafi da jinsu, gaba ɗaya ko rabi. A ƙara da zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka har yaro ya yi ta suma, da tamowa, da shawarar jarirai da aka bari ta yi nisa, da doguwar naƙuda a gida cikin daren da ba mai iya fita neman mota. Duk wanda ya san Sabon Birni da Isa ya san babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo a can.

Sannan ga wasu yaran da ba su taɓa yin wani ciwo ba. Yaro ne mai wayo, a aike shi kasuwa ya dawo da canji daidai, ya ji waƙa sau ɗaya ya riƙe, amma haruffa sun ƙi zama masa. Yau ya gane "b", gobe ta koma masa "d", ga kuma masu lanƙwasa na jiran sa a gaba. Masana suna kiran wannan disleksiya, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin hankali. Akwai wanda idonsa ne ba ya hango allo daga bayan aji. Akwai mai farfaɗiya irin ƙaramar nan da ba ta kayar da mutum, yaro ya yi tsuru na ɗan lokaci kamar mai tunani, karatu ya wuce shi. Akwai kuma, kuma suna da yawa a wannan yanki, yaron da ya kwana a daji yana jin harbi, ko ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, tun daga ranar hankalinsa bai sake zama wuri ɗaya ba.

Matsaloli ne daban-daban, kowace da hanyar da ake bi mata. Mu kuwa hukunci ɗaya muke yanke musu duka: yaron nan daƙiƙi ne, kansa ba ya ja. Idan abin ya yi tsanani a ce iska ce ta shafe shi, ko a waiwayi kishiya. A makarantar allo ya shekara bai wanke allonsa daga ƙananan surori ba, dorina ta zama abincinsa. A boko a tura shi aji na gaba don a rabu da shi. Ƙarshenta uba ya ce asarar kuɗin littafi ce, a bar shi ya bi awaki, ita kuma yarinyar a ɗora mata talla kafin miji ya fito.

Akwai wani abu da ke ƙara ɓoye waɗannan yara, wanda ban cika jin ana faɗa ba. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwan firamare a Sakkwato da Bauchi a 2013 ya nuna cewa mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Saboda irin wannan sakamako ne aka shigo da littattafan Mu Karanta, kuma a ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. To, a ajin da yawancin yara ba su iya karatu ba saboda babu malami, ko babu littafi, ko an rufe makarantar wata da watanni don tsoron 'yan bindiga, ta yaya za a gane wanda matsalarsa ta daban ce? Malamin da ke gaban yara fiye da ɗari ba zai gane ba. Mutum ɗaya ce ke lura, ita ce uwa. Ita ta san wannan bai yi magana da wuri kamar yayyensa ba. Ita ta san sai ta kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Ta sani, amma ta yi shiru, domin idan ta faɗa, abin da za ta fara ji shi ne daga wajenta ya gado.

A ce ma ta yi ƙarfin hali ta ce za ta nemi taimako. Makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji tana cikin birnin Sakkwato. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin birnin Sakkwato. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, kusa da birni, kuma sunansa kaɗai ya isa ya sa dangi su ce ba za a kai musu jini can a ce mahaukaci ne ba. Tsakaninta da waɗannan wurare akwai hanyar Goronyo, ko ta Gundumi da direbobi suka daɗe suna gudu. A kan hanyar dawowa daga Sakkwato ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, aka kashe shi a watan Agusta, Allah ya jiƙansa. Idan haka ta faru da mai rawani, wane miji ne zai bar matarsa ta hau wannan hanya da yaron da ke ci, yana sha, yana wasa, don kawai ya kasa karatu?

A takarda, an yi wa wannan yaro tanadi. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi kyauta har zuwa sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, daga ciki kuma kashi 2 cikin 100 ne rabon ilimin masu buƙata ta musamman. Ɗan abin da ke fitowa daga nan, makarantun da ke manyan birane ne ke fara samu, kuma makafi da kurame da guragu, waɗanda ido ke gani, su ake fara tunawa. Yaron Gatawa ko Bafarawa da naƙasarsa ba ta da alama a jiki, babu wanda ya rubuta sunansa, balle a yi kasafi da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin taimako mafi kusa da uwar nan yana hannun wata uwar irinta, kuma wayar salula ce kaɗai hanyar da ta rage ta haɗa su. Ba sabon abu ba ne a duniya. A 1946 wata mata a Ingila, Judy Fryd, wadda makaranta ta ƙi riƙe 'yarta, ta rubuta wasiƙa zuwa wata mujallar renon yara tana neman iyaye masu irin damuwarta su tuntuɓe ta. Wasiƙu suka yi ta zuwa. Daga nan aka kafa ƙungiyar da yau ake kira Mencap, kuma matsin lambar irin waɗannan iyaye na cikin abin da ya kai ga dokar 1970, wadda ta soke hukuncin da ake yanke wa wasu yara a Ingila cewa ba za su koyu ba. Likitoci da malamai sun shigo daga baya. Farkon abin iyaye ne da kowannensu ke zaton shi kaɗai ne, sai suka ji muryar juna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gane cewa ƙasashe irin namu ba za su samu isassun ƙwararru nan kusa ba, shi ya sa ta tsara wani horo na masu renon yaran da girmansu ko fahimtarsu ta yi jinkiri: zama tara na rukuni da ziyara uku a gida, kuma wanda ba likita ba zai iya jagoranta idan an koya masa. An gwada shi a Habasha da Kenya da wasu ƙasashe da dama. Abin da ake koyarwa a ciki ba ya buƙatar na'ura. Yadda za ki sa yaro ya dube ki kafin ki yi masa magana. Yadda za ki raba aiki ɗaya gida-gida, ki yaba masa a kan kowane mataki. Yadda za ki gane abin da ke tayar masa da rigima tun kafin ta tashi. Duk uwar da ta shekara goma da irin wannan yaro ta riga ta gano rabin waɗannan da kanta, da hawaye da gwaji. Asara ce a ce wannan sani ya tsaya a ɗakinta, alhali a unguwa ta gaba wata na fara tafiyar daga tushe.

Sai dai idan aka ce a kwaikwayo zaurukan WhatsApp irin na iyayen Legas da Abuja, inda ake rubutu da Turanci ana turo dogayen takardu da bidiyo, to an yi aikin banza. Matan da nake magana a kansu da yawansu ba sa karanta boko. Babbar waya, inda akwai ta, tana aljihun maigida ko ta wani saurayi a gidan. Caji sai an kai shago an biya. Layin kuma ba shi da tabbas: a watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, mutanen bakin iyaka suka koma laluben layin Nijar. Har yau akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun kira. Duk tsarin da bai yi lissafin wannan ba, zai mutu a makon farko da sabis ya ɗauke.

Abin da zai yi aiki shi ne murya. Saƙon murya na minti biyu, da Hausar da ake yi a gida, Gobirci ma idan ya samu, ba ya buƙatar karatu, ba ya cin data da yawa, yana jira a waya har ranar da aka samu layi, kuma ana iya tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender ko a katin memori, kamar yadda wa'azi da waƙoƙi suke yawo a ƙauyuka tun da daɗewa. Ba kuma kowace uwa ce ke buƙatar waya ba. Mace ɗaya mai waya a unguwa ta isa, idan sauran sun amince da ita.

Wannan tsari ƙasar Sakkwato ta san shi tun kafin a haifi kakanninmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci irin wannan matsala: mata a ƙauyuka masu nisa, ba sa iya barin gidajensu, yawancinsu ba sa karatu. Sai ta zaɓi dattijai mata masu mutunci, jajoji, ta naɗa musu malfa, su zo wurinta su ɗauki karatu a waƙe, su koma su isar wa 'yan taru a garuruwansu, su kuma kawo mata tambayoyin da aka aiko su da su. Na san tarihin jihadin Shehu yana da ɗaci a bakin Bagobiri, tun faɗuwar Alƙalawa a 1808, kuma ba na neman in shafe wannan. Amma dabarar Nana ta zama gadon matan yankin duka. Jajin yau tana nan da ranta: malamar Islamiyyar matan aure ce, ko uwar adashe, ko ungozoma, ko ɗaya daga cikin matan nan da aikin rigakafin shan-inna ya horar suna shiga gida-gida, waɗanda suka san kowane yaro da sunan uwarsa. Akwai 'yan FOMWAN, akwai ƙungiyoyin iyaye mata da aka kafa a makarantu ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF. A ce mata biyar ko shida sun haɗu a ɗakin ɗayarsu bayan la'asar, jaji ta kunna musu abin da wata uwa ta aiko daga Isa ko Maraɗi, su tattauna, ta naɗi tambayarsu ta tura. Ba a taro babba a yankin nan yanzu, amma wannan bai fi zaman barka ba.

Na ambaci Maraɗi da gangan. Dubban mutanen Sabon Birni da Isa sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar gudun hijira tun daga 2019, kuma tun kafin haka Gobirawan Tsibiri da na wannan ɓangare dangin juna ne, ana aure ana zumunci. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motoci ne suka tsaya, saƙon murya bai tsaya ba. Uwar da ke zaune a wani ƙauyen Gidan Runji, ɗanta na fama da karatun Faransanci bayan bai gama gane na Hausa ba, tana da abin faɗa wa 'yar'uwarta da ta rage a gida, ita ma tana da abin ji.

Abin da irin wannan zaure zai fara bayarwa shi ne sauƙin zuciya, kuma kada a raina shi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Matar da ta shekara tana jin gori daga uwar miji, ranar da ta ji wata ta ce mata, "Yaya, nawa ma haka yake, kuma ga shi yanzu yana ɗinki," ranar za ta yi barci. Daga nan sai abubuwa masu amfani su biyo baya. "Gwaggo, ki tsaya bayansa ki kira sunansa a hankali, ki gani ko zai juyo." "Ki roƙi malam ya dawo da ita layin gaba." "Ki bar shi ya rubuta harafin a ƙasa da yatsa, babba, yana faɗin sautinsa." "Ranar kaza likitan yara ke zama, kada ki ɓata kuɗin mota ran da ba ya nan." Uwar da ta gano cewa ɗanta rabin kurma ne, ba taurin kai ba, ta daina dukansa daga ranar. Wannan kaɗai ya isa dalilin kafa zauren.

Amma akwai haɗari, kuma wanda ya fi damuna shi ne 'yan kasuwar magani. Duk inda aka tara iyaye masu neman mafita, mai sayar da "maganin buɗe ƙwaƙwalwa" zai iso kafin likita. Sun cika Facebook da TikTok, da garin magani a leda da lambar asusu. Ba ina maganar addu'a ba, wadda babu uwar da za a raba da ita, kuma babu dalilin raba ta. Ina maganar wanda zai karɓi kuɗin akuyar marainiya, ko ya ce a dakatar da maganin farfaɗiya na asibiti a koma nasa. Mai farfaɗiyar da aka yanke wa magani farat ɗaya yana iya faɗawa wuta ko rijiya. Don haka dole kowane zaure ya kasance da doka tun ranar farko: ba a talla, ba a rubuta wa ɗan wani magani. Kuma dole a samu ma'aikacin lafiya ɗaya da malamin makaranta ɗaya da za a riƙa tura wa tambayoyin da suka fi ƙarfin iyaye.

Na biyu shi ne sirri. A garuruwanmu, labarin cewa gidan wane akwai mai taɓin ƙwaƙwalwa yana iya hana yayyen yarinya miji. Hoton yaro da aka tura don neman shawara yana iya ɓullowa gobe a shafin wani yana bara da shi. Ga kuma abin da ya keɓanta da wannan yanki: tsoron infoma ya sa mutane ba sa son lambarsu da sunan garinsu su shiga hannun wanda ba su sani ba, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa ƙananan zauruka na mutanen da jaji ta sani ido da ido suka fi babban zaure mai mutum ɗari biyu. Kada a tura hoton yaro, kada a faɗi ranar da wance za ta hau hanya.

Akwai waɗanda za su ce wannan duk sauke wa gwamnati nauyi ne, a bar talakawa su yi jinyar junansu. Ƙorafin yana da tushe, domin saƙon murya ba ya auna dalma a jini, ba ya ba da tabarau ko na'urar ji, ba ya buɗe makarantar da aka rufe. Sai dai iyayen da ba su san juna ba ba sa iya neman komai. Uwa ɗaya da ta je wurin hedimasta, za a ba ta haƙuri. Iyaye talatin da suka zo da sunayen yaransu a rubuce, suka ce wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ga waɗanda ba sa ji sosai, ga waɗanda ba sa gani, ga waɗanda suka yi sanƙarau, sun ba shi abin da ofishinsa bai taɓa mallaka ba. Da irin wannan takarda ake neman asibitin koyarwa ya turo masu gwajin ji da gani zuwa babban asibitin Isa ko na Sabon Birni ko da sau biyu a shekara, a nemi Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ta koya wa ɗalibanta alamomin da za su lura da su a aji, a nemi wani likita a Kware ya ware sa'a ɗaya a mako yana amsa tambayoyin jajoji ta waya. Gidan Rediyon Rima kuma zai iya ɗaukar amsoshin ya watsa wa waɗanda ko ƙaramar waya ba su da ita.

Saura iyaye maza, kuma a nan ne abin zai tsaya ko ya tafi. Wayar tasu ce, izinin fita nasu ne, kuɗin mota nasu ne, kuma su ne ke yanke hukuncin cire yaro daga makaranta. Da yawansu ba mugunta ke sa su ba. Kunya ce, da ganin cewa a shekarar da aka biya kuɗin fansa ko harajin noma ga 'yan bindiga, littafin yaron da ba ya ganewa shi ne abu na farko da za a yafe. Ba za su shiga zauren mata ba, bai ma kamata ba. Nasu zauren yana majalisar ƙofar gida da masallaci, kuma wanda za su saurara shi ne uba irinsu, wanda zai ce, "Malam, nawa ɗan sai da ya shekara goma sha biyu ya haɗa baƙi, yanzu shi ke rubuta mini lissafin shago." Limaman Juma'a da alarammomi su ne ya kamata jajoji su fara kai wa gaisuwa, ta hannun mazajensu, su roƙi abu biyu: a ambaci haƙƙin waɗannan yara a huɗuba, kuma alaramma ya yarda ya ajiye dorina ga yaron da uwarsa ta zo ta yi masa bayani, ya ba shi aya ɗaya a maimakon biyar, ya bar shi ya riƙa ji daga bakin wani ɗalibi yana maimaitawa.